Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Gwanin Ba Da Labari

A Yola da Jimeta, kamar sauran garuruwan Arewa, da wuya a tarar da wanda ya zauna a aji ya yi karatun Hausa amma bai san Waziri Aku ba, ko kuwa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ko da yake Fulatanci ne harshen gida a cikin garin Yola, Hausa kuwa ta fi ƙarfi a kasuwa da tasha a Jimeta, waɗannan sunaye biyu sun zauna a bakin jama'a sai ka ce na mutanen unguwa. Wanda ya ƙago su kuwa shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, mutumin Kagara, wanda ya rasu a Zariya ran 19 ga watan Yuni, 1981. An san shi a kan aikin jarida, an kuma san shi a kan siyasa, amma abin da ya fi riƙe sunansa har yanzu shi ne iya ba da labari. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san ko wane ne shi, da irin dabarun da ya yi aiki da su har littattafansa suka ƙi tsufa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911. A lokacin nan Kagara tana cikin Lardin Kwantagora, yanzu kuwa tana cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, zuriyarsu kuwa daga Barno ta taso. Don haka a gidan ilmi ya buɗe ido, ya fara karatun allo kamar yadda kowane ɗan malami yake yi, ya kuma ɗanɗani Larabci tun yana ƙarami. Wannan Larabci ya yi masa rana daga baya, don shi ya buɗe masa ƙofar littattafan hikayoyi na ƙasashen Gabas.

Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana aikin koyarwa a Katsina. A hannunsa Abubakar ya zauna ya shiga makarantar boko. A shekarar 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, watau makarantar horar da malamai wadda ta yaye manyan Arewa da yawa. A zamaninsa ne Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a can. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Zaman Katsina ya sa ya kusanci fadar Sarki Muhammadu Dikko, ya ga yadda fadawa suke magana, da yadda ake gaisuwa, da yadda ake shari'a, da yadda bafade yake rusunawa da baki alhali cikinsa na ƙulla wani abu dabam. Duk wanda ya karanta littattafansa ya san wannan kallo bai tafi a banza ba.

Gasar shekarar 1933

Kafin wannan lokaci Hausa tana da rubutu mai yawa na ajami, amma galibinsa waƙoƙi ne na wa'azi da fiƙihu da madahu, sai kuma tarihi da wasiƙu. Tatsuniya kuwa a baki take. Tsofaffi mata ne suke yi wa yara ita da dare bayan an ci tuwo, a kawo Gizo da Ƙoƙi, a rufe da ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Haka abin yake a wurin Fulanin Adamawa, waɗanda suke kiran tasu taali. Malami mai rawani bai ɗauki wannan abu aikin manya ba. A ganin malamai da yawa na wancan zamani, mutum ya zauna ya shirya abin da bai faru ba, ya kuma rubuta shi, ƙarya ce kawai, alƙalami kuwa ya fi ƙarfin a ɓata shi a kan ƙarya.

A Zariya akwai wani ofishi da ake kira Hukumar Fassara, wanda daga baya ya koma Hukumar Talifi, a ƙarƙashin wani Baturen makaranta, Dokta R. M. East. Aikin ofishin shi ne samar wa makarantu abin karantawa. Dokta East ya san Fulatanci, shi ne ma ya tattara labarun sarakunan Adamawa na da da yaƙe-yaƙensu cikin Fulatancin Adamawa, aka buga su tare da fassarar Turanci da sunan Stories of Old Adamawa. Irin wannan labari, watau na abin da ya auku, ba a sha wahalar samunsa ba, don kowane dattijo yana alfahari da ba da tarihin kakanninsa. Wanda ya yi wuya shi ne ƙagaggen labari. Don haka a 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada rubuta labari mai tsawo daga ƙwaƙwalwarsu, aka kuma sa gasa.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa, aka buga su tsakanin 1934 da 1935. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East kansa. Daga nan ne ake fara lissafin ƙagaggun labaran Hausa na boko. Abubakar Imam yana da shekara 22 kacal lokacin da ya rubuta nasa.

Ruwan Bagaja

Wannan ɗan littafi ƙarami ne, amma kusan duk ginshiƙan da labari yake tsayawa a kansu suna cikinsa. Na farko shi ne dalili, watau abin da zai tayar da mutum daga gidansa. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa dariya aka kunyata shi a gaban fada. Alhaji Imam, wanda Liman yake matsayin uba gare shi, ya ɗaura niyyar ba zai zauna ba sai ya samo wannan ruwa ya wanke wa tsohon fuska. Da zarar mai karatu ya ji haka, sai tambaya ta shiga ransa, shin zai samo ko ba zai samo ba? Wannan tambaya ita ce igiyar da take jan sa har shafi na ƙarshe. Labarin da ba shi da irin wannan igiya, kome daɗin Hausarsa, ajiye shi ake yi a tsakiya.

Na biyu shi ne tauraro da abokin karawarsa. Tauraro shi ne mutumin da labari yake bi. Amma tauraro shi kaɗai ba ya isa, sai da wanda zai tare masa hanya. A nan ne Imam ya kawo Malam Zurƙe. Duk garin da Alhaji ya sauka sai su haɗu, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama, ga shi kuma ba su iya rabuwa. Zurƙe ba mugu ba ne irin dodon tatsuniya. Ɗan duniya ne irin wanda ake gamuwa da shi a tasha ko a bakin kasuwa, shi ya sa jama'a suka fi riƙe sunansa fiye da na wasu mutanen kirki na cikin littafin.

Na uku shi ne mai ba da labari. Imam bai tsaya a gefe yana ba da labarin wani ba. Ya fara da wani mutum, Koje Sarkin Labari, wanda ya iso Kwantagora, sa'an nan ya miƙa maganar ga Alhaji ya faɗi abin da ya same shi da bakinsa. Wannan dabara tana sa mai karatu ya ji kamar a zaure yake, matafiyi ya dawo yana ba da labarin abin da ya gano. Ko da matafiyin ya kambama abu, ya kai ga aljannu da abubuwan da hankali ba ya ɗauka, ba a jin haushinsa, don an san halin mai dawowa daga tafiya. Shi kansa Imam ya bayyana cewa ya sami hasken wannan tsari daga Muƙamatul Hariri, littafin Larabci da malaman zaure suka sani, inda mutum biyu suke ta gamuwa gari bayan gari, ɗayansu kuwa gwanin baki ne mai dabara.

Magana Jari Ce

Da East ya ga irin baiwar wannan saurayi, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya ya yi wata shida. Aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, yana karantawa yana rubutawa, suna dubawa tare da East. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, masu ɗauke da labaru sama da 80, aka fara buga su a 1937.

Da a ce an jera labarun nan ne kawai ɗaya bayan ɗaya, da sun zama kamar kaya a rumfar ɗan koli. Imam sai ya yi musu uwa, watau babban labari guda wanda ya goya sauran. Wannan shi ake kira labari cikin labari. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri kuwa yana da mugun nufi, so yake Musa ya fita daga gida a hallaka shi. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari, kafin a gama lokacin fita ya wuce. Ashe ke nan kowane labari yana aiki biyu. Yana ba mai karatu nishaɗi, yana kuma tsare ran ɗan sarki. In aku ya yi labari mara daɗi, Musa zai tashi ya fita, in ya fita kuwa ya faɗa tarko. Da Sarki ya dawo asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa.

A littafi na biyu gasa ce aka sa tsakanin Waziri Aku da wani aku na wata ƙasa mai suna Haziƙ, kowa yana kawo nasa labari don a ga wanda ya fi. A na uku kuwa Waziri Aku ne yake koya wa ɗansa Fasih sana'ar. A nan Imam ya fito da abin da yake ransa a fili, watau ba da labari sana'a ce da ake koyo kamar ƙira ko saƙa, tana da ƙa'idodi, akwai mai iyawa akwai mai ɓatawa. Sunan littafin ma abin da yake nufi ke nan. Tsuntsu wanda ba shi da takobi ba shi da dukiya ya kai ga sarauta da bakinsa kawai.

Akwai wasu dabaru da suke ko'ina cikin littattafan uku. Ɗaya ita ce sa wa dabba halin mutum, ta yi magana, ta yi tunani, ta yi wayo ko wauta. Wannan tsohuwar hanya ce ta tatsuniya, amfaninta kuwa shi ne a faɗa wa mai iko gaskiya ba tare da an kama suna ba. Wata ita ce karin magana. Labaru da yawa karin magana ne kansu, sai labarin ya zama kamar shaida a gaban alƙali, yana tabbatar da abin da karin maganar ta faɗa. Ta haka jigo, watau saƙon da labari yake ɗauke da shi, yakan zauna a kan yaro ba tare da an yi masa dogon wa'azi ba. Akwai kuma kirari da zambo da habaici, waɗanda yake sa wa a bakin fadawa da maroƙa da matan gida, kowa da irin maganar da ta dace da shi. Sarki ba ya magana kamar bara, baƙauye ba ya magana kamar ɗan birni, mai karatu yakan gane mai magana tun kafin a faɗi sunansa. Sa'an nan ga raha. Imam ya san in mutum yana dariya ba ya gardama, don haka yakan bari sai an yi dariya sa'an nan ya ajiye darasi.

Zancen aro

Tun da daɗewa akwai masu cewa ai Imam bai ƙagi kome ba, kwasowa ya yi daga littattafan wasu. Masu bincike a jami'o'i sun bi sawun labarun, sun kuwa gano asalin da yawa daga cikinsu. Aku mai tsare mutum da labari don kada ya fita yana cikin wani tsohon littafin Farisa mai suna Tuti Nama, wanda shi ma daga Indiya ya samo tushe. Labarin Ƙamaruzzaman daga Dare Dubu da Ɗaya yake. Labarin Sarkin Busa ya yi daidai da na mai busan nan na garin Hamelin a ƙasar Jamus. Labarin Kalala da Kalalatu kuwa yana cikin tatsuniyoyin da wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, masu suna Grimm, suka tattara.

Wannan duk gaskiya ne, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, don an san da littattafan da aka tara masa a Zariya. Amma sai a duba abin da ya yi da kayan aron. A wurin Jamusawa kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sa'an nan ta haɗa su faɗa da ƙarya. A hannun Imam sai abin ya koma tsakanin miji da mata a gidan Bahaushe, da sunayensu masu ban dariya, da kunyar baƙo, da ladabin da ake yi a baki alhali ciki na kukan yunwa. Dubban mutane sun karanta wannan labari sun rantse a garinsu aka yi shi. Haka akun Farisa, wanda a can matar wani attajiri yake tsarewa, a nan ya zama bafade a fadar sarki mai waziri da barori da dawaki. Ƙashin labari yana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa tun zamanin da, ba wanda zai ce nasa ne shi kaɗai. Naman da aka sa masa, da rigar da aka ɗinka masa, da muryar da aka faɗe shi da ita, su ne aikin marubuci, a nan kuwa ba a sami wanda ya kama ƙafar Imam a zamaninsa ba.

Jarida da aikin ƙasa

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuwa ɗauko Imam ya zama editanta na Hausa na farko. Ya riƙe wannan aiki shekara 12. Shekarar da aka fara jaridar ita ce aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya zama shi ne mai bayyana wa talakan Arewa abin da ake ciki a ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. A nan ma dabarun nan ne suka yi masa aiki. Yakan ɗauki al'amari mai nisa ya kwatanta shi da abin da manomi ko ɗan kasuwa ya sani, ya ɗaure shi da karin magana, har wanda ake karanta wa jaridar a dandali ya fahimta. Hausar da ya yi amfani da ita a jaridar da littattafansa ta taimaka ƙwarai wajen daidaita yadda ake rubuta Hausar boko.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi Ingila cikin ƙungiyar editocin Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, amma Imam bai sa hannu ba, don a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, gyaran mulkin En'e da yaɗa makarantu su ne suka fi gaggawa. Wasu sun zarge shi a kan haka, wasu sun ba shi gaskiya. A wannan tafiya ya gana da Lord Lugard, ya kuma bayyana masa koke-koken matasan Arewa masu ilmi. Da ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Ya zama wakili a Majalisar Dokoki ta Arewa a Kaduna da Majalisar Wakilai a Ikko. Amma siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma aikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya riƙe kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya, ya kuma yi aikin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Duk da waɗannan ayyuka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah tare da East, da littattafai a kan tarihin Musulunci. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake kiransa Dokta.

Abin da ya bari

Ya rasu yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a shekarun 1980, a 1989 kuma aka buga tarihin rayuwarsa wanda ya fara rubutawa da kansa, Alhaji Abdurrahman Mora ya kammala shirya shi. Har yanzu ana karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce a makarantu da jami'o'i, an kuma rubuta kundaye masu yawa a kansu.

Yau marubutan Hausa sun yi yawa, maza da mata, ga masu shirya fim, ga masu karanta littafi a rediyo. Kowane ɗayansu, ko ya sani ko bai sani ba, yana cin moriyar hanyar da aka share a 1933, lokacin da rubuta ƙagaggen labari abin kunya ne ga mai ilmi. Saurayi ko budurwa a Jimeta ko Yola da yake son ya gwada rubutu, da Hausa ne ko da Fulatanci, yana da taali da tatsuniyoyin kakarsa, yana da tarihin Modibbo Adama da na garuruwan bakin Binuwai, kayan aiki dai ba su ƙare ba. Abin da zai koya a wurin Imam shi ne ya ba tauraronsa dalilin tashi, ya sa masa wanda zai tare shi, ya bar kowa ya yi magana da bakinsa, kada kuma ya saki igiyar mai karatu sai ya kai shi gida.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya yi masa rahama, amin.